Ni da Alhaji da Dodon Silima

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da wata Asabar a ƙarshen watan Oktoba, ranar da na nuna wa mahaifin yarinyar da nake nema ko ni wane irin namiji ne. Da a ɓoye ne ma da sauƙi. A gidan silima abin ya faru, a tsakiyar garin Greensboro na Amurka, da rana tsaka, zaure cike da mutane.

A lokacin ina shekara ta uku a karatun digirin digirgir a fannin ƙasar noma. Ina haya a Glenwood, a wani tsohon gidan katako da ke kuka duk inda ka taka, ni da wani ɗan Damagaram mai suna Mahamadu. Abin da na mallaka a duniya bai wuce keke da kwamfuta da kaftani uku ba.

Kafin in ci gaba, bari in faɗi abin da ban cika faɗa wa mutane ba: ina tsoron fim. Maciji ba ya ba ni tsoro, na sha cin karo da shi a gonar gwaji. Allura ma ko a jikina. Amma a kashe fitila a kunna fim ɗin ban tsoro, sai cikina ya ɗuri ruwa. Tun ina ɗan shekara tara a Funtuwa na leƙa ta tagar maƙwabta na ga wani hannu ya fito daga cikin ƙasa a talabijin, daga ranar ban ƙara zama daidai ba. (Wata guda na yi ina kwana a ɗakin Inna, har ƙannena suka sa mini waƙa.)

Safiya ma'aikaciyar jinya ce, haifaffiyar nan, Hausarta rabi ce, sauran rabin Turanci. A wajen walimar Sallah muka haɗu. Bayan wata shida ta ce lokaci ya yi da zan je in gaida Dadi. Dadin nan shi ne Alhaji, injiniya mai ritaya, ɗan Kaduna, wanda ya fi shekara arba'in a ƙasar nan. Ta gargaɗe ni da cewa ba mai yawan magana ba ne, kada in damu.

Na damu kuwa. Mahamadu ya ara mini motarsa, na tafi unguwarsu, Sedgefield, cikin kaftanin da ya fi sauran sabunta. Na durƙusa na gaida Alhaji a falo, ya amsa, ya tambayi garinmu da karatuna da sunan mahaifina. Cikin minti biyar tambayoyi suka ƙare. Sai shiru. Irin shirun da kake jin ƙarar haɗiyar yawunka. Yana kallona ta saman tabarau, ni ina kallon kafet, gumi na bin bayana.

Can na ɗaga kai na ga wata kanta a bayansa cike da faya-fayan fim. A jikin kowane akwai zanen wata halitta: wannan ido ɗaya a goshi, wancan ƙwaƙwalwa a waje, wani ya rungumo mace tana ihu, a sama ga jirgi mai kama da faranti. Da mai hankali ne da ya kawar da kai. Ni kuwa sai na ji bakina yana cewa:

"Baba, ashe ana kallon waɗannan? Ai ni su ne rayuwata."

Wallahi ban san daga ina maganar ta fito ba.

Fuskar Alhaji ta canza nan take. Ya cire tabarau, ya matso bakin kujera. "Kai Dakta, da gaske?" (Tun ranar yake kirana Dakta, alhali ko babi na biyu ban gama rubutawa ba.) Mutumin da aka ce ba ya magana ya yi awa guda yana zuba. Ya ba ni labarin yadda lokacin da yake yaro a Kaduna yayansa ke kai shi silima marar rufi, ana kallo ana ganin taurari a sama, in dodo ya sauko daga sararin samaniya sai kowa ya ɗaga kai ya duba ko nasu na tafe. Ya ce finafinan nan marasa kala Amurkawa sun yi su ne lokacin da tsoron bam ɗin nukiliya ya hana su barci, sai suka ɗinka wa tsoron nasu rigar roba suka kira shi baƙo daga wata duniya. Ni dai ina ta gyaɗa kai ina cewa, "Ƙwarai kuwa, Baba. Haka yake."

Hajiya, mahaifiyar Safiya, ta shigo da shayi ta tsaya tana kallonmu. Ta ce, "To Alhaji, yau Allah ya haɗa ka da irinka. Ni na huta."

Ina komawa gida Safiya ta kira. "Me ka ce wa Dadi? Tun da ka fita yake maganarka!" Na ce ai hira ce kawai irin ta maza. Ita ma ban gaya mata gaskiya ba.

Daga nan na shiga karatun da ya fi na jami'a wuya. Kallon finafinan dai ba zan iya ba, don haka na koma karanta labarinsu a intanet. Na haddace wane dodo ne ke tsoron wutar lantarki, wane ne sanyi ke kashewa, wane ne sojoji suka yi ta harbi bai ko yi atishawa ba. Duk zuwan da na yi Sedgefield sai in zazzage abin da na haddace. In Alhaji ya miƙa hannu zai ɗauko faifai mu kalla, sai in tuna da wani gwaji da na bari a ɗakin bincike. Sau uku ina kubcewa haka.

Ran nan ina kan keke zan tafi makaranta waya ta yi ƙara. Alhaji ne da kansa.

"Dakta, Asabar kana da aiki?"

Da na san abin da ke tafe da na ce ina da jarrabawa. Na ce, "Babu, Baba."

"Madalla. Akwai tsohon gidan silima a cikin gari, duk shekara warhaka suna nuna irin namu a babban allo. Ƙarfe biyu, bayan Azahar. Shekara da shekaru ni kaɗai nake zuwa, Hajiya ta ce ita ba ta biyan kuɗi a tsorata ta. Bana na sami abokin tafiya. Na riga na sayi tikiti."

Yadda ya ce "ni kaɗai nake zuwa" shi ya ɗaure ni. Da yamma kuma Safiya ta ƙara mini nauyi: ta ji Dadi yana gaya wa Mami cewa bayan Asabar zai ba ni izinin in haɗa shi da magabatana. Wato aurena yana bayan wannan fim ɗin, sai na ratsa ta cikinsa zan kai gare shi.

Mahamadu, wanda shi kaɗai ya san sirrina, ya ce a yi atisaye. Ranar Alhamis da tsakar rana ya buɗe labule duka, ya kunna mini ɗaya a kwamfuta. Minti goma sha biyu na yi. Da wannan kiɗan nasu mai kama da kukan sauro a cikin tulu ya tashi, sai ga ni a kicin ina wanke kofin da yake a wanke.

"Mon ami, abokina," in ji Mahamadu, yana riƙe da ciki, "ana ganin zif ɗin rigar dodon fa a bayansa!"

Na ce zif ɗin ba shi ne damuwata ba.

Shi ya kawo shawarar da ta kashe ni. Ya ce tunda ba na gani sai da tabarau, da an kashe fitila in zare shi in sa a aljihu. Allon zai zama hazo, ba zan ga komai ba, in ji mutane sun ja numfashi ni ma in ja. Na ga hikima a ciki har na yi masa godiya.

Ranar Asabar ban iya cin komai ba. Alhaji ya zo har Glenwood ya ɗauke ni, ya sha farin yadi da hula zanna, sai ƙamshi yake kamar mai zuwa ɗaurin aure. Lokacin ne Turawa ke shirin bikinsu na kabewa da kayan dodanni, duk shagunan titin Elm an rataya ƙwarangwal na roba. Gidan silimar tsoho ne, kujeru ja masu laushi, yawancin mutanen ciki tsofaffi ne masu furfura, sai 'yan ɗalibai. Alhaji ya zauna a kujerar bakin hanya saboda ciwon gwiwarsa, ni na zauna daga ciki.

Wani mutum ya hau dandamali da makirufo zai yi jawabi. Daidai lokacin na nemi izini na tafi banɗaki. Na daɗe a can ina karanta duk addu'ar da na sani. Don kada a ce na daɗe a banza, na sayo gugguru babban kwali. Ina dawowa mutumin yana sauka, jama'a na dariya da tafi. Na tambayi Alhaji me ya ce. Ya yi murmushi ya ce, "Za ka gani."

Aka kashe fitila. Na zare tabarau.

Rabin awa na farko dabarar ta yi aiki. Ina jin muryoyi: wani abu ya faɗo daga sama a bayan wani ƙauye, shanu sun fara ɓacewa, masani na gaya wa soja kada a taɓa, soja na cewa sai an taɓa. A allon kuwa ba na ganin komai sai fari da baƙi suna motsi. Har na fara jin kaina, na miƙa wa Alhaji gugguru ina raɗa masa, "Baba, yanzu za a fara." Abin da Mahamadu bai lissafa ba shi ne, in ido bai gani ba, zuciya ce ke zana nata dodon, kuma nata ba shi da zif. Kiɗan nan ya fara tashi. Wata mata a fim ɗin tana tafiya ita kaɗai, ana jin takunta, ana jin wani numfashi a bayanta. Na fara karanta Ayatul Kursiyyu a zuci, na kai tsakiya na rikice na sake daga farko.

Sai na ji numfashin nan bai tsaya a allo ba. Yana bayanmu.

Na waiwaya a hankali. A kan hanyar da ke tsakanin kujeru, wani abu dogo yana tahowa, kansa kamar tulu, idanu biyu kore suna haske, yana jan ƙafa. Na ji mutane na 'yan ƙananan ihu a baya (dariya ce, daga baya na gane, amma a kunnena ihu ne). Na ce wa kaina idona ne. Na rufe na buɗe. Ya ƙara matsowa. Ya zo daidai layinmu ya tsaya. Ya sunkuyo ta kan Alhaji, ya miƙo wani hannu mai yatsu uku, sanyi ƙalau, ya ɗora a wuyana.

Jama'a, ina da digiri biyu. Na san babu dodo. Amma a wannan daƙiƙar duk ilimin ya bar ni, ɗan shekara tara na Funtuwa ne ya rage a kujerar.

Na ƙwalla ihun da ya danne na matar fim ɗin. Kwalin gugguru ya tashi sama. Na kama kafaɗun Alhaji da hannu biyu, dattijo mai ciwon gwiwa, mahaifin Safiya, na tura shi gaba wajen dodon, na ce da iyakar muryata:

"Ba ni ba ne! Shi ya kawo ni!"

Daga nan ƙafa me na ci ban ba ki ba. Na bi ta ɗaya ɓangaren ina taka ƙafafun bayin Allah, na haye wata kujera, na bangaje ƙofa, ban tsaya ba sai da na ji rana a fuskata.

Ga ni a bakin titi, takalmi ƙafa ɗaya, ba hula, gugguru a cikin wuyan riga. Motoci na wucewa, wata mata na tura keken jariri, duniya lafiya lau. A nan hankalina ya dawo, ya dawo da duk abin da na yi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk zauren nan mutum ɗaya ne tak yake jin Hausa, kuma shi na miƙa.

Tashar bas ba ta da nisa daga wurin. Na tsaya ina lissafi da gaske: in hau bas in koma Glenwood, in kashe waya, in nemi canjin makaranta zuwa wata jiha mai nisa. Har na yi taku uku. Sai na tuna gwiwar Alhaji. Idan ya faɗi fa? Idan yana can a ƙasa, ni na kayar da shi, na kuma gudu? Na sa tabarau, na juya na koma ciki.

Na tarar an tsayar da fim an kunna fitilu. Ina shiga wasu ɗalibai suka fara tafi, sauran suka ɗauka. Da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Alhaji na zaune a kujerarsa, bai faɗi ba, Allah ya taimake ni, yana kakkaɓe gugguru daga farin yadinsa ɗaya bayan ɗaya. Dodon na tsaye a gefensa riƙe da hularsa zanna. Ya cire kan robar da ya sa, sai ga wata tsohuwa Baturiya mai farin gashi, jiƙe da gumi, tana haki. Tsohuwar malamar makaranta ce da ke taimaka wa gidan silimar kyauta. Abin da mai makirufo ya sanar ke nan ina banɗaki: za a yi yadda ake yi a da, dodo zai zaga cikin 'yan kallo, wanda ba ya so ya ɗaga hannu.

Matar ta yi ta ba ni haƙuri, alhali ni na fi tsorata ta. Sannan ta juya ga Alhaji ta tambaye shi da Turanci, me na faɗa ne da na yi ihu?

Alhaji ya karɓi hularsa, ya daidaita ta a kai, ya dube ta ya ce, "Addu'a ce yake yi, irin ta garinmu."

Ya nuna mini kujera. "Zauna, Dakta. Ga takalminka. Tabarau kuma a bar shi a ido, kuɗi na biya." Haka na kalli sauran fim ɗin tas, ina ganin komai. Zan so in ce da na gani da kyau tsoron ya tafi. Bai tafi ba.

Ya mayar da ni gida a motarsa. Da muka iso ƙofar gidanmu na durƙusa a gefen tagar motar ina neman kalmar farawa, sai ya riga ni.

"Dakta."

"Na'am, Baba."

"Gaskiya ka faɗa. Ni na kawo ka."

Ya ja motarsa ya tafi.

Kwana huɗu na yi ba na gane ɗanɗanon abinci. Duk ƙarar waya sai gabana ya faɗi. Safiya na turo saƙo kamar kullum, tana tambaya yaya fim, alamar bai gaya wa kowa ba, wannan kuma ya fi tayar mini da hankali. Mahamadu ya yi ƙoƙarin tausaya mini, amma da ya kalle ni sai ya fita waje, in jiyo shi yana tari. Ranar Laraba na ga ba zan iya ba. Na ari mota na tafi Sedgefield, na zube a gaban Alhaji na faɗi komai: ban taɓa kallon ko ɗaya ba, karantawa nake yi, tsoro nake ji tun ina yaro, ƙarya na yi don shiru ya yi mini nauyi.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Tun zuwanka na biyu na gane. Ka san sunan kowa a fim, amma ba ka san inda ake rufe ido ba. Wanda ya kalla da wannan yake farawa."

Na ce, "To Baba, me ya sa aka tafi da ni?"

"Na so in ga inda ƙaryar za ta kai ka." Ya ɗan shafa gwiwa. "Ban zaci da ni za ta bi ba."

Na sunkuyar da kai. Muryarsa ta sauka.

"Da ka fita na duba agogo. Na ce in ka kai minti goma ba ka dawo ba, maganarka da Safiya ta ƙare, ko za ta yi shekara tana kuka. Gudu kowa na iya yi, ni ma ban san me zan yi ba in abin ya zo mini ba shiri. Amma wanda zai bar tsoho a ƙasa don kunya, ba zan ba shi 'yata ba." Ya dube ni ta saman tabarau. "Minti bakwai ka yi. Ka ce wa kawunka ya kira ni ranar Lahadi."

Yau shekararmu huɗu da aure. Safiya ta ji labarin daga bakina, ta yi dariya har sai da ta zauna a ƙasa. Alhaji kuwa bai taɓa tayar da maganar a gaban kowa ba, ko sau ɗaya. Abu guda kawai na lura: in muna zaune a falo aka ji wata ƙara ba zato, ko tukunya ta faɗi a kicin, ko ƙararrawar hayaƙi ta tashi, sai ya ɗan ja kujerarsa nesa da ni, ba tare da ya ɗaga ido daga jarida ba.

Darasin da na samu ba mai zurfi ba ne, amma da tsada na saye shi. In ka je gaida surukai shiru ya sauka a falo, ka bar shi ya zauna, bai taɓa kashe kowa ba. In kuma lallai sai bakinka ya motsa, ka yaba labule.